Ku Tambaya Mu Amsa: Tsofaffin kayan ɗakin da iyaye suka bari, yaya ake gane shekarunsu da kuɗinsu?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da muka taɓo zancen kayan ɗakin iyaye da kakanni a fitowar da ta gabata saƙonni ke ta shigowa, wasu har da hotuna, yawanci daga cikin garin Sakkwato da kewaye. Na zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, sauran kuma ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Masu turo hoto don Allah ku riƙa ɗauko baya da ƙasa da cikin kayan, fuskar kaya kaɗai ba ta gaya min komai.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, a taimaka min da shawara. Kakarmu ta wajen uwa ta rasu bayan sallar layya, cikin abin da ta bari akwai gadon ƙarfe mai rumfa, dogo sai an taka kujera ake hawa, da ƙwallaye masu ruwan zinari bisa kowace kusurwa da 'yan madubai wajen kai. Innarmu ta ce da shi anka kai ta ɗaki. Wani ɗan gwangwan ya taya shi dubu 45, yayyena maza sun ce a ba shi tunda ba mai kwana bisa, ni ko raina bai so ba. Wanga gado na da wata daraja ko son raina ne kawai? Daga wata 'yar'uwa, Rijiyar Ɗorowa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan Kaka ya sa ta huta. Ki ce wa yayyenki su dakata tukun. Ɗan gwangwan ba cutarku ya zo yi ba, sana'arsa ke nan, amma shi nauyi yake saye, ya ɗora a sikeli ya lissafa kilo, daga nan a sare gadon a loda a tirela sai wurin narkarwa. Abin da ya taya shi ne mafi ƙarancin kuɗin da gadon zai yi, ko yau ko baɗi ba za ku rasa mai ba ku wannan ba, to saurin me ake yi.

Ki fara nemo mayen ƙarfe, ko na tsohuwar sifika ma ya isa, ki kanga shi a jikin ƙwallayen nan. In ya manne to ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla a sama, in bai kama ba tagulla ce zalla, kuma tagulla ko a kilo ta fi baƙin ƙarfe kuɗi nesa ba kusa ba, sau da yawa ma ita mai sayen ya hango shi ya sa ya yi saurin tayawa.

Sai ki tsuguna ki duba inda sanduna suka haɗu. Tsofaffin gadajen da aka yo daga Ingila, musamman garin Bamingam da ya yi suna wajen ƙera gadajen ƙarfe da tagulla tun ƙarni na 19, ba walda aka yi musu ba, narkakken ƙarfe ake zubawa a mahaɗar ya daskare ya yi curi, wani lokaci da siffar fure ko ganye, sannan dogayen ƙarafan gefe ba noti ke riƙe su ba, bakinsu ake zurawa cikin wani gurbi a jikin ƙafa ya zauna daram, in za a kwance sai an bugo shi da guduma daga ƙasa. In kuwa kika ga tabon walda da noti ko'ina to na baya-baya ne, ko na kamfani ko aikin masu waldarmu na gida. Da yawa daga gadajen da iyayenmu suka yi aure da su a shekarun 1960 da 1970 na Vono ne, kamfanin asalinsa na Ingila ne, ya buɗe masana'anta a Mushin ta Legas a shekarun 1960, a 2016 kuma aka haɗe shi da Vitafoam. Ki haska tocila a jikin ƙarfen da waya ke ɗaure, a kan samu suna a buge ko ɗan faranti a liƙe.

Wani abin lura, kaya masu nauyi irin wannan ba su yawaita a ƙasar Sakkwato ba sai da jirgin ƙasa ya matso, ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda ta Gusau a 1929, daga can motoci ke kwaso kayan kantuna irin su UAC da John Holt da GBO. Saboda haka ki zauna da Inna da sauran tsofaffin gidan ki tambaye su yaushe aka yi auren Kaka. Ba lallai su san shekara ba, amma za su ce miki kafin zuwan Sarauniyar Ingila ne (1956), ko bayan rasuwar Sardauna (1966), ko lokacin ana kashe fam da sule kafin naira ta fito a 1973. Ki rubuta a takarda yau ɗin nan, ki ma naɗi muryar Inna a waya tana ba da labarin.

Zancen kuɗi kuma, in rumfar na nan da sandunanta, ƙwallaye huɗu cif, madubai ba su fashe ba, to gadon ya wuce kilo. Masu kwalliyar wurin biki na neman irinsa, haka masu shirya fim da wasu otal-otal a Abuja da Legas, akwai ma masu ba da haya ranar kamu ko ranar ƙauyawa. Kada dai a kai shi a fesa masa sabon fenti da sunan gyara, mai neman tsohon kaya da tsohon fentinsa yake so. Ni in da nawa ne wallahi ba zan sayar ba, sai in biya 'yan'uwa rabonsu in ajiye.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mahaifinmu ya bar wani sif na katako mai ƙofa biyu da durowa a ƙasa, nauyi gare shi sai mutum huɗu ke ɗaga shi. Ya sha gaya mana wajen wani Bature ya saye shi da zai koma gida. Baffanmu kuma ya dage wai kayan tun zamanin Shehu ne sun fi shekara 200, kada mu yarda mu sayar ƙasa da miliyan 5. Ta yaya za mu gane gaskiya? Daga wani ma'aikaci, Gawon Nama.

AMSA: Ɗan'uwa a gaida Baffa da kyau, amma maganar mahaifinku ta fi kama hankali. Shehu Usmanu ya rasu a 1817, kuma a wancan zamani ɗakin Bahaushe ko na Bafillace, ko da na babban gida ne, abin da ke ciki gadon ƙasa ne ko na kara ko na tukurwa, da tabarma da buzu da darduma, da 'yar kujerar mata wadda masassaƙi ya fafe daga gungume ɗaya, tufafi kuma a adudu ake zuba su ko a rataye. Sif mai ƙofa da durowa da hinji kayan Turawa ne, su kuma sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Saboda haka ko ba a duba komai ba an rage wa Baffa shekaru masu yawa.

Yanzu ku jawo sif ɗin daga bango ku juya shi. Kafinta gaba yake ƙawatawa, baya yake barin gaskiyar aikinsa. In bayan falankai ne masu kauri aka jera, faɗinsu bai zo ɗaya ba, ka shafa hannu ka ji ɗan tudu da kwari na filen ɗin hannu, alama ce mai kyau. In filawud ne shafal guda to da wuya ya girmi ƙarshen shekarun 1940, lokacin ne masana'antar katako ta AT&P da ke Sapele ta fara yin filawud a ƙasar nan har ya wadata. In akwai fomika a jiki kun gangaro shekarun 1970 da 1980, zamanin kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, da kowace amarya sai gado mai fomika da kabad mai gilashi. In kuwa ka ga katakon nan na garin katako da aka matse, mai kumbura in ya sha ruwa, wannan na jiya-jiya ne.

Ka zaro durowa gaba ɗaya ka duba kusurwarta. Aikin ƙwarai za ka ga haƙora sun shiga cikin juna ba ƙusa, in da hannu aka yanka su ba za su zo daidai wa daida ba, wani ya fi wani faɗi, har za ka iya ganin siririn layin da kafinta ya ja kafin ya sa zarto. Na inji kuwa duk girmansu ɗaya reras. Ka duba ƙasan durowar inda take gogar jiki, shekaru na buɗewa da rufewa sai sun ci wurin ya yi santsi har ya ɗan rame, wannan ba a iya yinsa da gangan cikin sati ɗaya. Sai sukurori, mai tsaga ɗaya a kai shi ne na da, mai kan kuros bai fito ba sai shekarun 1930, a nan wajenmu ma ya daɗe bai zama ruwan dare ba. Kuba da hinji su ma a kan samu sunan kamfani ko ƙasar da aka yi su a jiki.

Amma fa ga inda mutane ke ruɗewa, musamman masu duba intanet. Waɗannan ƙa'idoji Turawa suka tsara su don kayan ƙasarsu, inda inji ya karɓe aiki da wuri. Mu nan kafintocinmu sun ci gaba da aikin hannu har shekarun 1970 da bayansu, ana tsaga gungume da dogon zarto mutum biyu ɗaya sama ɗaya ƙasa, ana cire tsohuwar ƙusa a miƙe ta a sake bugawa. To ganin aikin hannu kaɗai ba ya nuna abu ya shekara 100. Abin da za ka riƙe shi ne, a cikin abubuwan da aka haɗa sif ɗin da su tun farko, wanda ya fi kowanne sabunta shi ke faɗin shekara. In hinjin asali ne, ba ramin wani tsohon hinji a gefensa, kuma da sukuru mai kan kuros aka ɗaure shi, magana ta ƙare ko da katakon ya yi baƙi ƙirin.

Katakon kansa ka kira tsohon kafinta ya duba, ba yaron shago ba. Maɗaci ja ne mai duhu da nauyi, loko da ake kawowa daga kudu ruwan ƙasa ne mai ɗan rawaya da ke duhu da tsufa kuma gara ba ta cika son sa ba, farin katako mara nauyi kuwa sau da yawa jan fenti ko banish ake shafa masa ya yi kama da maɗaci, ka kankari ɗan wuri a ƙasan ƙafa inda ido ba ya gani za ka ga ainihin launinsa. Tunda an ce na Bature ne ka nemi tambari a baya ko a ƙarƙashi, kayan gidajen gwamnati a kan buga musu PWD, wato ma'aikatar ayyuka, ko alamar En'e da lamba. Kada kuma ku yar da takardun da aka shimfiɗa a cikin durowa, ɓallen Gaskiya Ta Fi Kwabo (ta fara fitowa a 1939) ko New Nigerian (1966) mai kwanan wata, ko tsohon rasit, ya fi rantsuwar mutum goma wajen mai saye.

Miliyan 5 kuma ban ga alama ba gaskiya. A Turai da Amurka sai abu ya cika shekara 100 suke kiran sa tsohon kaya na tarihi, kuma ko can manyan sif-sif na jan katako farashinsu ya faɗi sosai tun shekarun 2000 don gidajen yanzu ba su da wurin ajiye su. Kuɗin da kuke gani a intanet wanda mai kaya ya sa ne, ba wanda aka saya ba. Sif ɗinku in maɗaci ne ko loko zalla ku tambayi kafinta nawa zai yi muku irinsa yau da irin wannan katakon, daga nan lissafi zai fara.

TAMBAYA: Malam muna cikin rigima. Mahaifiyarmu ta rasu ta bar mu mu 7, maza 3 mata 4, mahaifinmu na raye. Ɗakinta cike da kaya, kabad biyu na jere da kwalla da fanteka da tasoshin Bida, akwatin ƙarfe, gado, tumtum na fata. Babbar yayarmu ta ce Inna ta ba ta kabad ɗaya da duk abin da ke ciki tun tana da rai, matan ƙannenmu kuma sun fara ɗauke ƙananan kaya wai tsaraba. Yaya ake yi wa irin wannan kuɗi a raba ba a ci haƙƙin kowa ba? Daga wata uwa, Mabera.

AMSA: Hajiya Allah ya gafarta wa Inna, ya haɗa kanku. Wannan tambaya ta fi taɓa min zuciya, don na ga gidajen da gona da fili ba su raba su ba amma kwalla da langa suka raba su. Yau ɗin nan a kulle ɗakin a ba Baba makulli, wadda ta ɗauki wani abu ta dawo da shi ba tare da an kunyata ta ba. Kayan ɗakin mace mallakinta ne, duk abin da ke ciki har cokali dukiyar magada ce, babu tsaraba a ciki sai da yardar kowa.

Ni ba alƙali ba ne, rabon kansa malami masanin fara'ili ko kotun shari'a za ku je, amma abin da aka sani shi ne a fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba kuma ba a yin ta ga magaji, sannan Baba yana da rubu'i tunda akwai 'ya'ya, in iyayen marigayiya na raye su ma suna da nasu, ragowar namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Maganar Yaya kuma, a mazhabarmu ta Malikiyya kyauta tana bukatar a karɓe ta a hannu tun mai bayarwa na da rai da lafiya, in kabad na nan a ɗakin Inna tana amfani da shi har ta rasu to sai an kai wa malam ya duba da shaidu, kada ku yanke da kanku a tsakar gida.

Ƙimantawa ita ce ɓangarena. A fito da kaya ɗaya bayan ɗaya gaban kowa, mutum ɗaya na rubutawa ɗaya na ɗaukar hoto. A kira dillalai biyu ko uku waɗanda ba su san juna ba, dillaliyar kayan mata daban, mai kayan katako daban, kowa ya zo ranarsa ya faɗi kuɗi ba tare da ya ji na wani ba. Sharaɗi babba, a biya shi ladan aikinsa a gaya masa tun farko ba shi za a sayar wa ba, don wanda zai saya ba zai taɓa faɗa muku kuɗin gaskiya ba, ba mugunta ba ce, ciniki ne. In dukiyar da yawa akwai masu ƙimanta kadara masu rajista da kotu ke karɓar rahotonsu.

Kuma kada a yi wa kabad kuɗi a dunƙule da abin da ke ciki. Ku kifa kowane kwano ku duba gindinsa. Kwanon da aka rubuta Czechoslovakia an yi shi kafin 1993 don a nan ƙasar ta rabu biyu, mai West Germany tsakanin 1949 ne da 1990, akwai na Hong Kong, akwai kuma na masana'antun Kano da Legas da suka fi yawa. Saiti cikakke da murafunsa, ba ƙwarzane ba tsatsa a baki, ya fi warwatsattsu kuɗi sosai, saboda haka raba saiti ɗaya gida bakwai asara ce ga kowa. Tasoshin Bida a gwada su da mayen ƙarfe, na ƙwarai za ki ga sawun guduma da zanen da aka buga da hannu, ba biyu da suka zo iri ɗaya sak.

In mutum biyu na son abu ɗaya, a yi tayi tsakaninku ku kaɗai, wanda ya fi sa kuɗi ya ɗauka a cire daga rabonsa, ko a yi ƙuri'a. Hakan kayan na nan cikin zuri'a kuma ba a zalunci kowa ba. In akwai yaro ƙarami ko maraya cikin magada babu mai ikon yafe rabonsa a madadinsa, a kula da wannan.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, gidanmu tsohon gida ne cikin gari. Muna da wani tsohon ƙyaure na icce mai ƙusoshin maƙera manya-manya, da kujera da akussa baƙaƙe da wata gafaka da takardu ciki, kakanninmu sunka bari. Wani mutum ya zo ta hannun abokina ya ce shina saye ya fitar ta Illela, kuɗɗi masu kauri ya ambata. In sayar? Daga wani matashi, cikin gari.

AMSA: Ƙanena kada ka sayar, kada ma ka bari ya sake ɗaukar hotonsu. Na farko ba naka ne kai kaɗai ba, na zuri'a ne. Na biyu akwai doka. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM, wadda aka kafa da doka mai lamba 77 ta 1979, ta ce duk aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, ta ambaci ƙofa da sassaƙa da kayan amfanin gida da makamai da kayan sarauta da rubutun hannu, kayan tarihi ne, ba a sayar da shi sai ga wanda hukumar ta amince wa, kuma ba a fitar da shi daga Najeriya sai da takardar izininta. In aka kama kayan a boda shi mutumin zai ɓace, sunan gidanku ne zai fito.

Irin waɗannan kaya sun fi sif da gadon ƙarfe nesa, don su namu ne. Ƙusar maƙeri da ka gani kanta ba ya zuwa daidai, jikinta mai kusurwa ne da sawun guduma, irin aikin da aka san Maƙerar Assada da shi. Kujera da akushi ka juya su za ka ga sawun gizago a ciki, bakin akushi ya side saboda hannu, ƙafafun kujera sun ci ƙasa ba daidai ba. Masu yin na jabu suna shafa baƙin mai ko su turara da hayaƙi, sai ka ga baƙin ya bi ko'ina bai ɗaya har inda hannu ba ya kaiwa, ga wari.

Takardun cikin gafaka su suka fi damuna. Kada a jera su da son rai, kada a sa gam ko salatif, kada a kai a yi musu leda mai zafi, a bar su yadda suke a jere. Ku je da dattijon gidan Gidan Tarihi na Waziri Junaidu ko ofishin hukumar gidajen tarihi da ke nan Sakkwato, ku nemi a duba muku a rubuta abin da kuke da shi. Zuwa neman bayani ba ya nufin kun ba da kyauta, in kuma kun yanke ku ba da ajiya to a yi a rubuce da sa hannu da hoton kowane abu, ku riƙe kwafi.

TAMBAYA: Akwatin katako na kakana na zubar da wani gari kamar fulawa, ga ƙananan huji. An ce in shafa baƙin mai. Daga Bodinga.

AMSA: A'a Malam, baƙin mai zai shiga katakon ya ɓata shi har abada, ga wari ga ɓata tufafi. Ƙwaro ne ke ci daga ciki, garin da kake gani shaida ce yana raye. Ka fitar da akwatin daga cikin sauran kaya, ka share garin, ka shimfiɗa baƙar leda a ƙasa ka ga ko sabo zai zubo. In ya zubo ka samu maganin ƙwarin katako wajen masu kayan gini ka ɗura a kowane huji da sirinji, a waje inda iska ke kaɗawa, yara na nesa. Wata hanyar, zafin Sakkwato na watan Afrilu ma magani ne, a naɗe akwatin ruf cikin baƙar leda mai kauri a ɗaure kada iska ta fita, a ajiye a rana wuni guda, zafin da ke taruwa ciki na kashe ƙwarin da ƙwansu, ledar kuma ta hana katakon bushewa ya tsage. Kada dai a shanya shi tsirara. Bayan nan a ɗora shi bisa bulo ko dutse, a ja shi daga jikin bango saboda gara da damina, da hunturu kuma a shafa masa kakin zuma kaɗan da tsumma mai laushi. Samfefa kada ta kusance shi.

TAMBAYA: Na gaji keken ɗinki Singer mai teburi da ƙafar ƙarfe, cikin durowarsa na tsinci wani kuɗin azurfa mai kan mace an rubuta 1780. Na yi arziki ne? Daga wata ɗaliba, Runjin Sambo.

AMSA: Allah ya sa albarka 'yata, amma kada ki ɗora buri da yawa. Wannan riyal ɗin Mariya Tereza ne, sarauniyar Ostiriya, ta rasu a 1780, kuma duk wanda aka ci gaba da bugawa bayan rasuwarta wannan shekarar ake sa masa, an buga miliyoyi, fatake sun shigo da su ƙasar Hausa da yawa, mata na yin ado da su. Na gaske nauyinsa wajen giram 28 ne, azurfarsa kashi 83 cikin 100, mayen ƙarfe ba ya kama shi, ki kai wa maƙerin farfaru ko mai sayar da azurfa ya auna a gabanki, kuɗinsa na bin farashin azurfa na ranar. Kada ki goge shi da toka ko omo.

Keken kuma shi ya fi kowane kaya sauƙin ganewa. A gaban gindinsa ta hannun dama akwai lamba a buge, haruffa ɗaya ko biyu sannan lambobi, akwai jadawalin lambobin Singer a intanet da zai ba ki shekarar da aka yi shi. Yawancin waɗanda suka zo mana daga masana'antar Clydebank ta Sikotilan suke, wadda aka rufe a 1980. An yi su da yawa ƙwarai shi ya sa ba su da tsadar kayan tarihi, amma teloli na son su don ƙarfensu. Ki sa masa man keke, ki canja bel, ki duba akwai kwalbar zare da ƙafar taka ɗinki, in ya ɗinka lafiya teburin bai ruɓe ba ki tambayi teloli biyu ko uku a Babbar Kasuwa nawa suke sayen irinsa kafin ki saurari tayin kowa.